Larabar Inna

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Kwana tara ke nan. Mijina Sha'ibu ya ce in riƙa rubutawa, ko na rage sauke haushina a kansa da kan ƴan ajina. To, ga shi ina rubutawa, mu ga ko takarda za ta iya abin da mutane suka kasa.

Yaya Hafizu ya fita ran Litinin ta makon jiya da motarsa, sayen sabon wake a ƙauyukan kudu, wajen iyaka. Bayan kwana biyu aka ga motar a gefen hanya. Motar kawai.

Yau na je Tsibiri kamar kowace Laraba, tun da babu lakwal, wato makaranta, da yamma. Wata biyar ke nan ni da Inna muna bin wani fim mai kashi talatin, ana nuna kashi ɗaya a tele duk Laraba da ƙarfe biyar. A kan kabu-kabu ina ta cewa a raina yau dai ba za ta kunna ba. Na tarar har ta shimfiɗa tabarma, ta yaye ƙyallen da take rufe telen da shi.

Yaya ɗan farinta ne. Shekararsa talatin da huɗu, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Haka aka rene ta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Mata suna ta shigowa jaje, tana amsa musu kamar akuyar maƙwabta ce ta ɓata. Fadila matar Yaya ce ke kuka a ɗakinta, Inna tana kai mata fura.

A fim ɗin akwai wata Hajiya Mariyam mai sayar da atamfa. Ɗanta Nabil ya fita bai dawo ba tun kashi na goma sha tara, tun kafin namu ya same mu. Yau aka nuna ta zaune da kwanon abincinsa. Sai na ji Inna ta ce, "Allah sarki Nabil. Ko mi yake ci can? Shi da bai cin ɗumame."

Ba a taɓa cewa Nabil ba ya cin ɗumame ba. Yaya ne ba ya ci.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Na kira lambar Yaya sau goma sha ɗaya. Matar nan ta cikin waya ce ke amsawa da Faransancinta mai sanyi, wai ba a samunsa. Na tsane ta.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je Jiratawa wajen Kawu Maman Lawali, wan Inna. Tun rasuwar Baba shi ne babbanmu, shi ke zirga-zirga wajen jandarma da masu gari. Na same shi cikin lambun zogalensa yana gyara bakin ruwa, ƙafafu duk taɓo.

Na ce, "Kawu, ba su kira ba?"

Ya ce, "Ba su kira ba, Tahira. Da sun kira ai da sauƙi."

Ka ji inda muka kai. Addu'a muke yi miyagun mutane su kira mu.

Da zan tafi ya ɗaura mini zogale, ya riƙe ledar bai saki ba. Ya ce, "Na san halinki, ba ki iya riƙon magana. Duk abin da na jiya, ni zan kai ma uwarki da ƙahwata, in hwaɗa mata da bakina. Ba ta waya ba, ba ta bakinki ba. Kin ji ni?" Na ce na ji. Na ji haushi kuma, don gaskiya ya faɗa.

Litinin, 13 ga Oktoba, lokacin shan iska

Atika, malamar ajin da ke kusa da nawa, ta yi mini dariya da na ce jibi zan je Tsibiri kallo. Ta ce, "Ke, har yanzu Laraba kuke jira? Ai tun bara anka gama shi Najeriya. Tahi bakin kasuwa wajen masu turi, su zuba maki shi duka cikin waya. Ni kwana biyu na yi na tashi kanshi."

Ta buɗe baki za ta faɗa mini ƙarshen, na toshe mata shi da hannuna duk alli. Ta yi ta tofar da yawu tana zagina. Karo na farko da na yi dariya cikin kwana goma sha huɗu, kuma na ji kunyar dariyar.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Kashi na ashirin da uku. Babu abin da ya faru a ciki. Hajiya Mariyam ta je asibitoci, ta je tasha, ta dawo. Daidai lokacin da wayarta ta yi ƙara suka yanke, kamar yadda suka saba, marasa tausayi.

Na ce, "Inna, akwai shi duka Maraɗi. In kawo maki gobe mu gani mu huta?"

Ta dube ni kamar na ce mu cinye iri. Ta ce, "In munka gama shi gobe, Laraba mai zuwa mi za mu yi?"

Na ce ai sai mu san ƙarshen.

"Ke dai komi naki sauri. Ko cikina wata takwas kika yi kika hito. Bar mani abina yadda yake zuwa."

Ita kashi ɗaya yana isarta mako guda. Alhamis su tattauna shi da maƙwabciyarta Iya Tasalla ta kan katanga, Juma'a ta canza ra'ayi kan wanda ya kira, Lahadi ta sake komawa na farko. Fadila ta ce ta ji ta bayan sallar asuba tana roƙon Allah ya kuɓutar da Nabil, da sunansa, a fili. Tana jin daɗin sunan nan a bakinta. Na gane abin da take yi, ita ma ta san na gane.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 6 na safe

Babu labari.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Na aikata.

Da safe na je cefane, ƙafata ta kai ni rumfar mai turi. Minti biyar bai yi ba ya miƙo mini wayata. Ba zan yi wa takarda ƙarya ba, ba don Inna na yi ba. Na gaji da jira ne. Jiran waya, jiran Kawu, jiran duk wata sallama a ƙofa. Na ce a duniyar nan dai a sami abu ɗaya da zan iya sanin ƙarshensa yau.

Na rufe ɗaki ƙarfe tara. Kashi bakwai a jere. Wake ya ƙone a tukunya, azahar ta wuce ni sai da na haɗa ta da la'asar, wayar ta yi zafi har na naɗe ta da ɗankwali. Inda suka yanke don mutum ya yi mako yana zullumi, ni daƙiƙa uku ce, in danna na gaba. Duk inda ake surutu na tura da yatsa. Ban ma san me ya faru a wane kashi ba, sai biyu.

A na ashirin da bakwai wani direba ya zo ya rantse ya ga Nabil da ransa a wata tasha.

A na ashirin da takwas aka gane ba shi ba ne. Aka kawo wa Hajiya Mariyam agogonsa da takalminsa ƙafa ɗaya.

Biyun ƙarshe bukukuwan wasu ne. Na kife wayar, na zauna ina kallon bango har Sha'ibu ya shigo yana tambayar warin me yake ji.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Na goge shi daga wayar. Sai me? Yana nan cikin kaina.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Ashirin da huɗu. Da can ni ce mai yi wa tele faɗa, in ce wa Hajiya Mariyam kada ki yarda da shi, in tafa hannu, in yi tsaki. Yau na zauna kamar an dasa ni. Na san wanda zai shigo kafin ya yi sallama.

Inna ta ce, "Yau bakinki ciwo yake?"

Na ce gajiyar aji ce.

Ta koma kan telen. "Zai dawo. Masu shirya abin ga ba su yi ma uwa haka. Yaron da ke tsayawa ya ɗauki tsohuwa bisa hanya bai karɓi ko dala ba, Allah bai barin shi."

Nabil ko keke ba shi da shi. Na tashi na ce zan zaga bayi, na tsaya bayan rumbu har aka sa kiɗan ƙarshe. An fara shigo da damman gero gidan, na Yaya ma Kawu ya sa an yanke an kawo. Suna jingine a jikin katanga, ba wanda ya taɓa su.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana

Na daki wata yarinya a aji ran Juma'a don ta tambaye ni ranar da za a ba da sakamako. Shekara tara ina koyarwa ban taɓa ba. Gobe zan ba ta haƙuri a gaban ƴan uwanta.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Ƙarfe biyar saura kwata aka ɗauke wuta. Allah ya yafe mini, na yi hamdala a zuci. Na ce wa kaina to ga hanya, in ranar kashi na ashirin da takwas ta zo sai in zare wayar eriya ta bayan ɗaki in ce tele ya lalace.

Inna ta dubi fanka ta ga ta tsaya. Ta yafa gyale, ta ce in taso. Gidan Iya Tasalla akwai sola. Muka zauna cikin jikokinta goma sha wani abu, muka kalli ashirin da biyar tsaf. A gaban mutane Inna ba ta yi magana ko ɗaya ba, sai da muka dawo gida ta zauna ta yi wa Nabil kukanta na mako.

Ko na fasa telen da taɓarya, Tsibiri cike take da tele.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan magariba

Jiya wani mai awon hatsi ya ce ya ga mai kama da Yaya a wata kasuwa ta ƙetaren iyaka, ya rame amma yana tafiya da ƙafarsa. Fadila ta kira ni tana kuka tana dariya. Sha'ibu ya yi sujada a tsakar gida. Kawu ya tafi tun asuba.

Ni kuwa ko gezau. Na riga na ga wannan a waya, na san abin da ke biyo bayan "an gan shi". Na sani fim ne, wasu ne suka zauna suka rubuta shi bara, ba su san Yaya ba, ba su san Tsibiri ba. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari. Duk da haka kowa ya sami yini guda na murna, ni ban samu ba. Na sayar da nawa ran Asabar ɗin can.

Kawu ya dawo ɗazu. Ba shi ba ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na yamma

Ashirin da shida. Inna ta rame, zanenta har zagaye biyu yake yi mata. Amma ƙarfe biyar na yi idonta ya kawo haske.

Saura Laraba biyu.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Sha'ibu ya zo ƙofar lakwal ƙarfe goma sha ɗaya. Bai taɓa zuwa ba. Ya cire hula yana juya ta a hannu.

Kawu ya kira Sha'ibu, bai kira ni ba. Wasu makiyaya ne suka tsinci gawa a daji, suka kai wa wani mai gari labari. Akwai katin shaidar Yaya a aljihun rigar. Gobe Kawu zai tafi da mutum biyu ya gani da idonsa, su yi abin da ya kamata a can, don ba abin da za a iya ɗaukowa ba ne. Alhamis da safe zai je Tsibiri. Ya ce a gaya wa Tahira ta tuna abin da ya faɗa mata a lambu.

Na ce to gobe ba zan je Tsibiri ba. Sha'ibu ya ce, "In ba ki je ba, ai kin hwaɗa mata ke nan."

Na koma aji na ƙarasa darasin lissafi. Ban san me na rubuta a allo ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na dare

Ashirin da bakwai. Na san abin da ke ciki, na kuma je.

Direban ya shigo shagon Hajiya Mariyam, ya dafa ƙirji ya rantse. Inna ta miƙe tsaye. Matar da sai ta dafa bango take tashi, yau ta miƙe zumbur. "An gan shi! Tahira, kin jiya? An gan shi tasha! Ban hwaɗa maki ba?" Ta ƙwala wa Fadila kira, Fadila ta fito da gudu ta ɗauka wani abu ne, da ta ga tele ne sai ta yi murmushi, ta zauna tare da mu. Inna ta kama hannuna tana girgizawa. Hannunta da ɗumi.

Na yi murmushi. Allah ya gani, na buɗe haƙora na yi mata murmushi, na ce, "Kin hwaɗa, Inna."

Ta ci tuwo malmala guda da rabi, rabonta da haka tun watan jiya. Ta sa aka sussuka dami ɗaya cikin geron Yaya, ta ce a yi fura da shi, kada a ce an bar shi har ya huce. Ta raka ni har bakin titi, abin da ba ta yi. Ta ce, "Laraba mai zuwa ki zo da wuri, kar a hwara babu ke."

Mun wuce gonakin bakin gari na ce wa mai kabu-kabu ya tsaya. Na amayar da furar duka.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana, Tsibiri

Kawu ya iso ƙarfe takwas, ni da Sha'ibu muna bayansa. Inna tana shara. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta jingine tsintsiya ta shimfiɗa masa tabarma. Ya faɗa a hankali, yadda manya ke faɗa, ya fara da haƙuri ya ƙare da haƙuri.

Fadila ta faɗi. Inna ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ɗebo ruwa ta shafa wa Fadila a fuska. Sannan ta ce in ƙara itace a murhu, mutane za su zo.

Sun zo. Gida ya cika har waje.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Ba ta yi kuka ba. Mata suna yaba ta, wai mace mai kunya, irin ta da. Ji nake kamar in watsa musu ruwan zafi.

Litinin, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwana huɗu ruwa kawai take sha. Tana gaisawa, tana amsa "ya haƙuri", tana tambayar ko baƙin Jiratawa sun ci abinci. In an ambaci sunansa a addu'a sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarma. Iya Tasalla ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, in abin ga bai hita ba, kwantar da ita zai yi. Na ga irin shi." Na ce to ni me zan yi? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Na rasa Yaya. Ina kallon Inna tana bin bayansa a zaune, ba ni da abin riƙe ta.

Laraba, 19 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na yamma

Da safe aka yi sadakar bakwai. Zuwa la'asar mutane sun ragu, saura dangi na kusa a tsakar gida da su Kawu a ƙofar gida. Ina wanke kwanuka Inna ta leƙo ta yafuto ni.

Na shiga ɗaki. Ta yaye ƙyallen.

"Ruhe ƙohwa. Kunna."

Na ce, "Inna, akwai mutane."

"Rage murya."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Don Allah, Inna, ban da na yau. Mu bar shi."

Ta ce, "Na san kin gani. Tun randa kika bar yi ma tele hwaɗa na sani."

Na fara cewa, "Inna, Nabil bai..." Ta ɗora yatsunta a bakina.

"Kar ki hwaɗa mani. Ke kin ga naki. Wanga nawa ne."

Na kunna, na rage murya ƙasa-ƙasa. Ta zauna a inda take zama, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannuwa a cinya. Ban kalli telen ba, ita nake kallo. A waya minti biyu na ba wannan wurin, na tura gaba. Ashe yana da tsawo. Sai da aka nuna mutanen suna tahowa tun daga bakin layi, suka yi sallama, aka ba su wurin zama, suka sha ruwa. Inna ta bi su taki-taki, ba ta ƙifta ido ba. Sannan babbansu ya kwance wani ƙulli, ga agogo, ga takalmi ƙafa ɗaya. Hajiya Mariyam ta zube ƙasa tana kiran ɗanta.

Leɓen Inna ya motsa. Na ɗauka Nabil za ta ce.

Ta ce, "Hafizu."

A hankali ta faɗa, kamar mai taka ƙafar da ta daɗe a ɗaure. Ta sake faɗa. A na uku muryarta ta tsage, ta kifa kanta a cinyata, ta ce, "Hafizuna, ɗana, ko mi ka ci can?" Sunan yana ta fitowa, na shekara talatin da huɗu.

Na ji takun mutane sun nufo ƙofa. Na miƙa hannu na ƙure muryar telen har ƙarshe, don duk wanda ke tsakar gida ya ce Hajiya Mariyam ce.